Guzurin Mai Ƙaura Zuwa Iskandariya



Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya samo asali ne daga wata ziyara da aka kawo mini. Wani tsohon almajirina wanda na koya wa Nahawu tun daga Ajurumiya, yanzu kuwa shi ma malamin makaranta ne mai mata da 'ya'ya biyu, ya zo mini da albishir cewa ya sami gurbin ƙaro ilmi a Jami'ar Iskandariya ta ƙasar Masar, kuma zai yi shekara uku a can ko fiye. Ya nuna mini fasfo da biza da katin allurar rigakafin ciwon shawara, ya ce, "Malam, saura sayen akwati da rigunan sanyi, sai kuma addu'arku." Na yi masa addu'a. Sa'an nan na tambaye shi abu uku: wa ke binsa bashi, me ya tanadar wa iyalinsa, kuma ina zai fuskanta idan ya tashi yin salla a ɗakin da zai kama haya. Bai iya amsa ko ɗaya daga ciki yadda ya gamsar ba, alhali kuwa ba jahili ba ne. Wannan ya sa na ga ya dace in rubuta abin da muka tattauna, domin masu irin wannan tafiya suna da yawa, kuma galibinsu sukan gama shirin takardu tsaf, su bar shirin da Shari'a ta ɗora musu.

Bari mu fara da sanin garin. Iskandariya tana bakin Bahar Rum, kimanin kilomita 220 arewa maso yamma da Alƙahira. Sarki Iskandar na Makidoniya ne ya kafa ta a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, daga gare shi kuma ta sami sunanta. Rundunar Musulmi a ƙarƙashin Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, ta shige ta a shekara ta 21 bayan Hijira, watau 642 Miladiyya. Masu tarihi sun ruwaito cewa Amru ya so ya mai da ita mazaunin mulki, amma Sayyadina Umar ya ƙi yarda ruwa ya raba shi da rundunarsa, shi ya sa aka gina Fusɗaɗ. Hasumiyar nan tata mai haska wa jiragen ruwa hanya, wadda aka lasafta cikin abubuwan mamaki na duniya, girgizar ƙasa ta ci ta sannu a hankali. Ibn Baɗɗuɗa ya gan ta a 1326 gefe guda ya zube, da ya komo a 1349 ko shiga ba ta yiwuwa. A kan harsashinta ne Sarki Ƙaitbay ya fara gina ganuwarsa a 1477, tana nan har yau.

Amma abin da ya fi shafarmu mu mabiya mazhabar Imamu Malik shi ne, wannan gari yana cikin salsalar littattafan da muke karantawa a zaurukanmu, ko da yawancin almajirai ba su sani ba. A can Imam Abubakar Aɗɗurɗushi, mai littafin Sirajul Muluki, ya zauna yana karantarwa bayan ya baro Andalus, a can kuma ya rasu a 520 Hijiriyya. Almajirinsa Sanadu ɗan Inan, mai Aɗɗiraz, shi ma a can ya cika. A can ne Sarki Salahuddin Ayyubi, duk da mulkinsa, ya zauna gaban Shaihu Abu Ɗahir ɗan Aufu ya saurari Muwaɗɗa. A can Ibnul Hajib ya rasu a 646 Hijiriyya, kuma littafinsa na fiƙihu shi ne Shaihu Halil ya yi wa sharhi kafin ya rubuta Muhtasar ɗin nan da malamanmu ke yi wa kallon ƙolin karatu. Alfakihani, ɗaya daga cikin masu sharhin Risala, ɗan garin ne. A fagen tasawwufi kuwa, Shaihu Abul Hasan Asshazali ya zauna a can, almajirinsa Abul Abbas Almursi yana kwance a babban masallacin da ke ɗauke da sunansa kusa da gaɓar teku, daura da shi kuma ga masallacin da ake danganta wa Imam Busiri mai Burda, wadda tsofaffinmu ke rerawa tun muna yara. Saboda haka Bahaushe mai neman ilmi ba baƙo ne sosai a Iskandariya ba. Sai dai kada wannan ya ruɗe shi ya zaci zai tarar da garin yadda yake a littattafai. Birni ne na miliyoyin mutane, mai cunkoson motoci da masana'antu da babbar tashar jiragen ruwa, jami'arsa an kafa ta a 1942, sabon ɗakin karatunsa mai girma an buɗe shi a 2002.

To, shirin farko ba a kasuwa ake yinsa ba, a gida ake yi, shi ne sauke haƙƙoƙin mutane. Abin koyi a nan shi ne Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, wanda a daren da zai yi hijira, ana farautar ransa, ya bar Sayyadina Ali a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyoyin da suka ba shi, masu ajiyar kuwa mafi yawansu ba su yi imani da shi ba. Wanda ke riƙe da ajiyar wani, ko kuɗin adashi, ko littafin aro, ko kuɗin ƙungiyar masallaci, to ya mayar, ko ya danƙa wa amintacce a gaban shaidu.

Game da bashi, malamanmu sun faɗi hukunci wanda mutane da yawa ba su sani ba: mai bin bashi yana da ikon hana wanda yake bi tafiya idan lokacin biya zai yi alhali ba ya nan, sai fa idan ya naɗa wakilin da zai biya daga dukiyarsa, ko ya kawo mawadacin da zai tsaya masa. Almajirin nawa ashe ya ranci kuɗin tikiti daga wani abokinsa ɗan kasuwa, da baki kawai, ba takarda ba shaida, wai kunya ta hana su rubutawa. Na ce masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma babu wanda ya fi Sahabbai kunya da amana amma su aka fara umurta. Yau darajar kuɗi tana sauyawa kamar iskar bazara. Idan ba a rubuta nawa ne ba, da wane irin kuɗi za a biya, da yaushe, abota ta shekara ashirin na iya watsewa a kan rancen tikiti. Haka kuma ya rubuta wasiyya, abin da ake binsa da abin da yake bi, ya ajiye wurin wanda ya yarda da shi. Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali.

Haƙƙin da ya fi nauyi, wanda kuma aka fi tauyewa, shi ne na mace. A mazhabarmu, idan miji zai yi tafiya, matarsa tana da ikon neman ya ba ta kuɗin ciyarwa na tsawon kwanakin da zai yi tun kafin ya tashi, ko ya tsayar mata da wanda zai lamunce ya riƙa ba ta wata-wata. Ba roƙo take yi ba, kuma ba rashin kunya ba ne. Cewa "na bar ki wurin su Baba" ba ya wadatarwa, sai in su Baban sun karɓi nauyin da bakinsu kuma suna da hali. Bayan ciyarwa akwai haƙƙin zaman aure kansa. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa idan miji ya yi shekara ko fiye ba ya nan, matar kuma ta cutu, tana iya kai ƙara ko da yana aiko da abinci da tufafi. Alƙali zai rubuta masa ya zaɓi ɗaya cikin uku: ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sawwaƙe mata, in ya ƙi duka alƙali ya raba auren. Ita kanta ƙasar Masar, wadda dokokin aurenta suka ginu a kan mazhabar Abu Hanifa, daga mazhabarmu ta ɗauko asalin wannan hukunci ta sa a dokarta mai lamba 25 ta shekarar 1929. Na san gidaje da suka mutu ta wannan hanya: malam ya tafi neman ilmi da niyya mai kyau, shekara ta bi shekara, ya dawo da digiri ya tarar 'ya'yansa ba su san fuskarsa ba. A ganina wanda zai yi shekara uku, in da hali ya tafi da iyalinsa, ko su biyo shi bayan ya kama ɗaki. In babu hali, a yi magana a fili tun yanzu, a yanka lokacin da zai riƙa zuwa hutu, da yardarta, ba da shirunta ba.

Iyaye kuma a nemi izininsu da albarkarsu. Ilmin da ya zama farilla a kan kowane mutum ba su da ikon hana shi, amma neman babban digiri bai kai wannan matsayi ba, balle idan uwa ta tsufa babu mai kula da ita sai shi.

Yanzu mu koma ga salla. Tafiyar da ake yin ƙasaru a cikinta ita ce mai tsawon buridi huɗu, watau mil 48, wanda ake ƙiyastawa da kimanin kilomita 80. Ƙasaru sunna ce mai ƙarfi a wurinmu, ana fara ta bayan an wuce gidajen gari. Abin da ke yanke ta shi ne niyyar zaman kwana huɗu cikakku. Saboda haka idan ya sauka Alƙahira zai yi kwana biyu domin buga hatimi a takardunsa, matafiyi ne, ya yi ƙasaru. Idan aikin ya ja, kullum ana ce masa gobe, shi kuma bai ƙudurta zaman kwana huɗu ba, yana nan a kan ƙasarunsa ko da kwanakin sun yi yawa. Amma ranar da ya shiga Iskandariya da niyyar zama, ƙasaru ta ƙare, sai cikawa. Na ja hankali a nan domin na ji wasu ɗalibai suna yin raka'a bibbiyu shekara da shekaru wai su baƙi ne. Babu ko ɗaya daga mazhabobi huɗu a kan mashahurin zancensu da ta yarda da haka, mafi sauƙinsu a wannan babi, watau Hanafiyya, kwana goma sha biyar suka yanka. Bayan ya zauna, duk lokacin da ya hau jirgin ƙasa zuwa Alƙahira ya sake zama matafiyi, tun da nisan ya haura ƙa'ida. Idan kuma ya bi limami mazauni, sai ya cika tare da shi.

Mas'alar alƙibla ita ce na fi so a lura da ita, domin ni kaina ta taɓa kā da ni. Mu Hausawa mun saba da cewa gabas ita ce alƙibla, har kalmomin biyu suka zama ɗaya a bakinmu, mukan ce wane ya dubi gabas, ma'ana ya yi salla. Daga Kano Ka'aba tana gabas ne, an ɗan karkata arewa. Iskandariya kuwa tana arewa da Makka sosai, saboda haka alƙiblarta kudu maso gabas ce, tsakiyar kudu da gabas daidai. Shekarun baya na je can wani kwas na malaman Larabci na 'yan watanni. Daren da na sauka na tambayi mai gadin gidan ina rana ke fitowa, ya nuna mini, na shimfiɗa darduma. Kwana uku ina sallar dare haka, sai da wani abokin zama ya shigo ya juya ni. Laifin nawa ne, domin ina fitowar rana na tambaya, ban tambayi alƙibla ba. Magani mai sauƙi ne: a duba mihirabin babban masallacin unguwa a gwada da ɗaki. Malamanmu sun ce ko masanin da ke iya gano alƙibla da kansa yana iya dogara da mihiraban manyan birane waɗanda malamai suka daɗe suna salla a cikinsu, kuma masu sharhin Muhtasar sun kawo Iskandariya cikin misalansu. Wayoyin hannu ma suna nunawa, sai dai ƙarfen gini yakan ruɗa su. Ga wani tarko kuma ga mai jin Larabci: a bakin Misirawa "ƙibli" kudu ake nufi, "bahari" kuma arewa. Idan dillalin gida ya ce maka ɗaki bahari ne, yana yabonsa ne da cewa yana shan iskar teku.

Lokutan salla ma ba kamar namu ba ne. A ƙasarmu bambancin tsawon rana tsakanin damina da hunturu kaɗan ne, har mutum kan riƙe ƙarfe kaza a ransa duk shekara. A can yini yakan kai wajen sa'a 14 a watan Yuni, ya sauko wajen sa'a 10 a Disamba. Waɗanda suka yi azumi a can a 2015 da 2016, lokacin da Ramalan ya faɗo cikin Yuni, sun riƙe baki kusan sa'a 16. Bugu da ƙari tun 2023 hukumar Masar ta dawo da tura agogo gaba da sa'a ɗaya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, saboda haka ratar da ke tsakaninsu da Nijeriya da Nijar takan zama sa'a biyu a maimakon ɗaya. A bi kiran salla da jadawalin garin. Haka nan ganin wata: a can Darul Ifta ce ke sanarwa, da su zai ɗauki azumi da su zai sauke, ba zai jira sanarwar Sarkin Musulmi ba. In ya fara azumi a gida ya ƙarasa a can, lissafinsa ya tsaya a kwana 28, sai ya yi idi da mutanen garin ya rama ɗaya. Zakkar fidda kai ya fitar wa kansa a inda yake daga abincin da suka fi ci, na iyalinsa kuma ya bar wasiccin wanda zai fitar musu a gida.

Ruwan sama a Iskandariya cikin sanyi yake zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, da iska mai ƙarfi daga teku wadda suke kira "nawwa", kowace kuma da sunanta da kwanakinta da masunta suka sani. A Oktoban 2015 ruwan ya cika titunan garin har aka yi asarar rayuka. Bahaushe ya san sanyi busasshe, bai san sanyi mai jiƙa bango da bargo ba. A nan ake buƙatar hukuncin shafa a kan huffi, wanda muka karanta a Iziyya da Risala amma kaɗan daga cikinmu suka taɓa aiki da shi. Sharaɗinsa a wurinmu ya zama na fata ne, ɗinkakke, mai rufe idon sawu, an kuma sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Ba a yanka masa kwanaki ba, sai dai an so a cire shi kowace Juma'a domin wanka. Zai ga mutane suna shafa a kan safar zare, wannan fatawar wasu malamai ce, ba ta mazhabarmu ba. Ya sayi huffin fata, ba shi da tsada, ya bar mutane da abin da malamansu suka ba su.

Wannan ya kawo mu ga saɓanin mazhabobi. Zai yi salla bayan limamin da ke bayyana Bisimilla, yana ƙabalu, yana yin ƙunutin Asuba a bayyane bayan ruku'u da hannuwa a ɗage, yana sallama biyu, ranar Juma'a da Asuba kuma ya karanta Suratus Sajada ya faɗi sujada a tsakiyar karatu. Duk wannan fiƙihun Imamu Shafi'i ne, wanda ya kasance almajirin Malik, kabarinsa kuma yana Alƙahira. Malamanmu sun bayyana cewa bin limamin da ya saɓa maka a rassa ya halatta, salla kuma ta yi. Kada ya ware kansa, kada kuma ya dawo gida bayan shekara uku yana ɓata sallar mahaifinsa.

Abinci ba shi da wuya. A mazhabarmu duk abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, har ƙaguwa da jatan lande da suka cika kasuwanninsu. Akwai wani ruɓaɓɓen kifi mai gishiri da suke kira "fasikh", suna ci a bikin Shammun Nasim. Malaman Malikiyya na Masar sun yi magana a kansa, an ruwaito Shaihu Dardir yana ganin mai tsarki ne, amma ma'aikatar lafiyarsu kowace shekara sai ta yi gargaɗi saboda gubar da ke fita daga wanda ba a sarrafa da kyau ba. Baƙo ya ƙyale shi.

A matsayina na malamin Larabci dole in ƙara da cewa Larabcin kasuwa daban yake da na Alfiya. Suna furta jimun kamar "ga", ƙaf kuma su mai da ita hamza, burodi "aish" suke ce masa. Idan ka yi wa mai tasi magana da cikakken i'irabi zai yi murmushi, wataƙila kuma ya ƙara maka kuɗi. A koyi yarensu domin ciniki da zaman maƙwabtaka, amma a tsare harshe a aji da rubutu, domin na ga waɗanda suka dawo Nahawunsu ya raunana. Takardar izinin zama kuma, wadda suke kira iƙama, a sabunta ta kafin ta ƙare. Biza alkawari ce tsakaninka da hukumar ƙasar, cika alkawari kuwa wajibi ne. A yi lissafin guzuri da rara, domin a Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 a kan dala zuwa kusan 50 a yini guda, kuɗin haya da na abinci suka bi shi.

Akwai magana guda da na faɗa wa almajirin nawa a keɓe, na kuma ga ya kamata matasa su ji. Duk wanda ya zauna a bakin Bahar Rum, wata rana sai wani ya raɗa masa cewa Turai tana tsallaken ruwan nan, kuma akwai jirgi. A watan Satumba na 2016 wani jirgin masunta da aka cika da masu neman tsallakawa ya kife daura da garin Rashid, gabas kaɗan da Iskandariya, mutum fiye da 200 suka halaka. Malamanmu tun da can sun hana shiga teku idan halaka ta fi rinjaye, ko da kuwa don aikin Hajji ne, to ina ga neman abin duniya da kuɗin da aka tara maka domin karatu?

Almajirin nawa ya dawo bayan mako biyu. Sun rubuta rancen da abokinsa a gaban shaidu biyu, yayansa ya karɓi nauyin mahaifiyarsu, maiɗakinsa kuma ta zaɓi ta zauna har yara su gama zangon karatu sa'an nan su bi shi, ya kuma bar mata kuɗin wata shida a hannunta. Ya tambaye ni hukuncin sallar Juma'a ga wanda jirginsa zai tashi ranar Juma'a da hantsi, da yadda ake salla a cikin jirgin sama. Wannan shi ne za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.